Baitocin Mai Tsumma da Sharhinsu

Ido yana duban riga da rawani,
Bai san abin da ke ƙirjin bawa ba.
Ka ga mai tsumma ka kau da fuska,
Wataƙila ba ka kai matsayinsa ba.

Sharhi: Ya kai muridi, ka sani Uwaisul Ƙarani mutumin Yaman ne, matalauci, har akwai mai yi masa ba'a. Amma duk tawagar Yaman da ta iso, Sayyadina Umaru sai ya tambaye su shi, saboda wasiyyar Annabi (S.A.W.). Da ya same shi, halifa sukutum, ya roƙe shi ya nema masa gafara. Subhanallahi! Ya so rubuta masa takarda zuwa ga gwamnan Kufa, Uwaisu ya ƙi, ya zaɓi zama cikin talakawa.