Wallahi Ban Gan Shi Ba

Duk wanda ya taɓa yini a bakin gona a Gedambaliya, a yankin Gadarif na Sudan, ya san wani hali na wannan ƙasa. Fili ne fetal, baƙar laka iya ganinka, ba tudu ba kurmi da zai tare maka ido. Sai ka hango mutum can nesa bisa jaki ko raƙumi, ya nufo ka sak. Ka dube shi, ɗigo ne. Ka sunkuya ka ci gaba da aikinka, ka ɗago, har yanzu ɗigon nan ne, kamar an kafe shi a wurin. Kafin ka ɗago karo na uku sai ka ji sallama a kanka. Da a ce ratsawa yake yi daga kudu zuwa arewa, da tun farko ka ga tafiyarsa, har ka ce wannan sauri yake yi. Amma abin da ya fuskanto ka ba ya nuna motsi, girma kawai yake ƙarawa, kuma girman nan kaɗan-kaɗan yake zuwa, sai gab da isowa ya cika maka ido gaba ɗaya.

Na daɗe da sanin haka a gona, ban taɓa kawo shi kan titi ba sai wata rana da kaka, ina zaune wajen mai shayi a wata mararraba a gefen birnin Gadarif. Wata a-kori-kura, wadda a nan muke cewa boksi, ta zo da buhunan riɗi ta rage gudu za ta karya hagu. Ina kallon direban, dattijo ne mai farin gemu. Ya duba gabansa, na ga lokacin da ya duba, sannan ya murɗa sitiyari. A daidai nan wani saurayi bisa babur ya taho daga gaba, a kan hannunsa, da rana tsaka, babu abin da ya shiga tsakaninsu. Ƙarar birki, sai ga yaro a ƙasa. Allah ya sa da sauran kwana, ƙafa ce ta karye.

Dattijon ya fito hannu bisa ka yana salati, yana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi ban gan shi ba." Wani matashi daga cikin jama'a ya ce, "Haba Baba, ka ji tsoron Allah! Babur da mutum a kai, ido biyu, ka ce ba ka gani ba?" Dattijon ya ce, "Ɗana, na duba. Wallahi na duba." Ba wanda ya yarda da shi a wurin. Ni kam na yarda, domin na ga dubawar tasa.

Ga misali: ka aiki yaro cikin garke ka ce ya nemo maka jar akuya. In ya dawo da ita ka tambaye shi tumaki nawa ya wuce, zai yi zuru. Ya kalle su duka, har ya ture wasu da hannu, amma ba su aka aike shi nema ba. Haka mai tsintar tsakuwa a shinkafa take wuce ƙwayar dawa ba ta lura ba. Ido ɗan aike ne, abin da zuciya ta ce ya kawo shi yake kawowa. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane hoton bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka wani mutum sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar wasan, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam.

To me direban Gadarif ke aika idonsa ya nemo? Tun wajen 1945, da Turawan Ingila suka fara noman inji a nan Gedambaliya don ciyar da sojojinsu, ƙasar nan ta zama ta manyan abubuwa. Tarakta, motar girbi, lori cike da dawa, tirela mai bin babbar hanyar da ta taso daga Khartum ta bi Madani ta ratsa Gadarif da Kasala har Fort Sudan, da kuma masu zuwa Gallabat kan iyakar Habasha. Wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi a tsakanin waɗannan, idonsa ya koyi neman abin da zai iya murƙushe shi. In zai karya kwana, tambayar da ke ransa ita ce, akwai mota? Babu. Sai ya shiga. Babur bai cikin tambayar, don haka bai cikin amsar.

Wannan ba ciwon Sudan kaɗai ba ne. A 1981 wani malamin jami'a a Kalifoniya, Harry Hurt, ya fitar da rahoton bincikensa kan haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles. Ya samu cewa inda babur ya yi karo da wata mota, a kashi biyu cikin uku mai motar ne ya shiga wa mai babur hanya, kuma siffar da ta fi maimaituwa ita ce wadda na gani daga kan bencin mai shayi: babur na tafe miƙe, mota ta karya hagu ta gabansa. Mu ma hannun dama muke bi kamar su, kamar Najeriya da Nijar, saboda haka kwanar hagu ita ce mai yanke hanyar wanda ke tahowa.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif maganar nan gaskiya ce, akwai dillalin da zai kalli tsibin riɗi ya faɗa maka buhu nawa ne, ya kuskure kaɗan. A mararraba kuwa kimar ido ta kan ci amanar mai ita, ko da ya ga babur ɗin. Mota tana da faɗi, tana da fitilu biyu, in tana matsowa fitilun na ƙara rabuwa da juna, ido na auna saurinta da wannan. Babur siriri ne, fitila ɗaya, ɗigon nan ne na bakin gona. Ƙaramin abu kullum ido na ba shi nisan da ba shi da shi. Ga lissafin da direba ba ya yi: babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In yana nesa da mita 50, daƙiƙa uku ya rage masa. Boksi mai lodi da ta tashi daga tsaye tana bukatar fiye da haka kafin ta gama ratsa hanya. Shi kuma mai babur, kafin idonsa ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, yatsu su matse birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta tafi, ya riga ya ci kashi ɗaya cikin uku na tazarar bai rage ko kaɗan ba.

Akwai kuma ƙarfen nan da ke riƙe gilashin gaba ta gefe, tsakaninsa da gilashin ƙofa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, amma ka ɗaga tafin hannunka kusa da fuska ka ga gida nawa zai ɓoye maka. Idan mota da babur suna nufar mahaɗa ɗaya daga hanyoyi biyu, gudunsu ya yi daidai, babur na iya zama a bayan wannan ƙarfe tun daga nesa har su haɗu, bai taɓa fitowa fili ba. Ƙara da gilashin da ƙurar gona ta rufe, da rana mai faɗuwa cikin ido ga wanda ya nufi yamma da la'asar sakaliya, da carbi da tsummoki da ake ratayawa a madubi.

Sannan lokaci. Riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi jinkirin yanka sai kwanson ya tsage ya zube a ƙasa. Daga Oktoba kowa a guje yake, mai gona na neman ma'aikata, mai mota na neman sawu na biyu kafin dare, yaron da aka aika da babur ya sayo ƙarfen tarakta an ce masa kada ya zauna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jama'ar Khartum da ta Jazira suka kwararo Gadarif, titunan da aka yi wa garin manoma suka ɗauki motocin da ba su saba ɗauka ba, da direbobin da ba su san kwanonin garin ba, ga raksha mai ƙafa uku ga babur ko'ina saboda tsadar mai.

Kada a fahimce ni a karkace. Rashin gani ba ya wanke direba. Kisan kuskure ma a shari'a yana da diyya, kuma wanda ya yanke wa wani hanya shi ne da laifi ko ya rantse da Alƙur'ani bai gani ba. Abin da nake cewa shi ne, in mun tsaya a kan cewa ƙarya yake yi, mun gama magana ba mu koyi komai ba. In mun yarda da gaske bai gani ba, to mai babur ya san matsayinsa: a kowace mararraba ya ɗauka shi iska ne, ba wanda ke ganinsa.

Daga nan abubuwa ke sauƙi. Fitila da rana ita ce ta farko, kuma ita aka fi yi wa dariya. Ka kunna ta da hantsi, kowane mai kirki da ka wuce sai ya buɗe maka yatsu yana nuna maka ka manta fitila a kunne. A Malesiya an wajabta ta tun 1992, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna irin haɗarin da rashin gani ke jawowa ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari. A Indiya, inda ake ƙera yawancin Bajaj da TVS da muke hawa, tun Afrilun 2017 sabon babur fitilarsa ba ta mutuwa muddin inji na aiki. Wani bincike a New Zealand da aka buga a 2004 ya samu cewa mai farar hular kwano haɗarinsa ya yi ƙasa da na mai baƙa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai riga mai ƙyalli kuma fiye da haka. Mu da muke da farar jallabiya mun samu rabin abin a ɓagas, sai dai samarinmu sun fi son baƙar riga da baƙin babur, su koma kamar inuwa a kan kwalta. Rawani kuwa, duk girmansa, ba hular kwano ba ne.

Amma wanda ya fi duka a ganina wani tsohon ɗan acaɓa ne ya koya mini shi, mutumin Kano da ya bar sana'ar bayan gwamnati ta hana goyo a babur a Janairun 2013. Ya ce, "Malam, kada ka kalli idon direba, kalli tayarsa ta gaba." Direba na iya zuba maka ido ƙur, ka ɗauka kun gaisa, alhali ta cikinka yake hango hanya. Sigina ma haka, wani ya manta bai kunna ba, wani ya kunna tun daga kasuwa ya manta bai kashe ba, wani ƙwan ya mutu tun bara. Taya kuwa in ta fara juyawa ko ta karkata, motar ta riga ta yanke shawara. Saboda haka in ka hango mota tsaye a bakin mahaɗa, ka sassauta mai tun da nisa, yatsu biyu su hau birki, ka ɗan kauce gefe guda a cikin layinka ka dawo. Wannan 'yar kaucewar ita ke mayar da ɗigon da aka kafe ya zama abu mai motsi, kamar mai ratsa fili daga kudu zuwa arewa, ido kuwa motsi yake cafkewa.

Wuri biyu ne ya ce kada in yarda in zauna. Ɗaya gindin lori, manne da shi ta baya don guje wa iska. Direban da ke jiran lorin ya wuce ya karya kwana yana shiga ne da zarar wutsiyarsa ta gota, kai kuma kana nan a ɓoye. Na biyu gefen dama na tirela a bakin kwana. Takan buɗe hagu tukuna, ka ga hanya ta samu ka kutsa, ashe dama za ta shiga, tayoyin baya su yanko ciki su rufe ƙofar. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.

Ku kuma iyayenmu direbobi, dubawa ɗaya ta mota ce. A sake ta biyu, a sa wa ido sunan abin da ake nema, a ce babur, ko da a fili ne. A ɗan sunkuyo gaba a leƙa bayan ƙarfen gilashi, a goge ƙurar kafin a tashi daga gona. In an hango fitila ɗaya tana tahowa, a bar ta ta wuce, jiran bai kai daƙiƙa biyar ba. Kai kuma Alhaji da za ka saya wa yaro babur bana in an sayar da riɗi, ka haɗa masa da farar hular kwano, kuma kafin ka miƙa masa makulli ka zaunar da shi a bencin mai shayi na bakin mararraba, ku yi rabin awa yana kallon tayoyin motoci masu karya hagu.