Bin Sawun Sadaka

Hannun Bahaushe a buɗe yake, ba a musu a kan wannan. Da azumi ana rabon buhunan shinkafa, ranar Juma'a almajirai na samun rabonsu. Halin da ya yi mana ƙaranci shi ne na komawa bayan shekara a tambaya: kuɗin nan da na fitar, me suka gyara? Wasu na ganin tambayar kamar gori ce, ko rashin barin lada ga Allah. Ni ina ganin kula da amana ce, domin dukiyar da za ta iya ceton rai ba a sakinta da ka.

A duba yaƙin da aka yi da kurkunu. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga aikin, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa duk shekara a Afirka da Asiya. Nijeriya kaɗai ta ƙirga sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Mutum ya sha ruwan kududdufi, sai bayan kimanin shekara tsutsar ta huda fata, yawanci a ƙafa, a yi ta naɗe ta a tsinke makonni, gona kuwa na can ciyawa ta cinye. Da me aka kashe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da mutanen ƙauye da suka ba da lokacinsu suna bi gida gida, suna rubuta wanda ya kamu, suna hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta zagaya ƙauyuka kan wannan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

Babu wanda aka rubuta sunansa a jikin ƙyallen tata, kuma a nan gizo ke saƙar. Attajiri ya fi son abin da ake buɗewa da taro: masallaci na uku a layi guda, alhali famfon tuƙa-tuƙan unguwar ya shekara a lalace saboda ƙarfe ɗaya. Ba na raina gina masallaci, Allah ya kiyaye. Amma Sayyidina Usman ɗan Affan, da ya ga mutanen Madina na sayen ruwa da tsada, rijiyar Ruma ya saya ya bar wa jama'a. Ya duba inda ƙishin yake kafin ya kwance jaka.

Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bibiya. Masu ƙirgar kurkunu har yau suna aiki a Chadi, inda tsutsar ta koma kama karnuka, suna roƙon masunta su riƙa binne hanjin kifi kada karnuka su ci.