Yaro Gaban Makirufo: Son Gida ko Faɗin Gaskiya?

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ta isa mu tsaya mu duba. Sa'ad da makarantun sakandare biyu ke wasan ƙwallo, sau da yawa 'yan makarantar ne da kansu ke watsa labarin wasan tun ana cikin yinsa. Wani yana riƙe da kyamara, wani yana lura da sauti, wani yana lissafin ƙwallayen da aka ci, biyu kuwa suna gaban makirufo suna ba da labari.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1949 makarantar New Albany ta jihar Indiyana ta buɗe gidan rediyonta, WNAS, inda 'yan makaranta ke aiki. A 2013 kuma aka kafa NFHS Network domin nuna wasannin makarantu ta intanet. Da annobar korona ta hana taro a 2020, ta irin wannan hanya iyaye da yawa suka riƙa kallon 'ya'yansu.

Lalle akwai amfani a ciki, gama yaran suna koyon sana'a, da kiyaye lokaci, da aiki tare. Amma ga tambaya mai nauyi. Yaron da ke ba da labari ɗan makarantar ne, masu wasan kuwa abokansa ne, tare suke zama a aji. In abokinsa ya yi keta a fili, ya faɗa ko ya rufe? In ɗan wancan gefe ya gwada gwaninta, ya yaba ko ya yi shiru?

Waɗansu za su ce, ai kowa ya san gidansa, kada a nemi yaro ya tona asirin nasa. Ba mu ƙi wannan duka ba. Muryarsa ta tashi da murna in nasu sun ci, ba laifi. Amma son gida yana da iyaka, iyakarsa kuwa gaskiya ce. Mai sauraron rediyo daga nesa ba shi da ido a filin, sai bakin yaron nan. Ya ba shi amana ke nan. Wanda ya saba karkata labari saboda aboki yana da shekara 16, me zai yi ran da ya zama alƙali ko ɗan jarida?

Akwai kuma hakkin wanda ake maganarsa. Masu wasan nan yara ne, ba a biyansu ko anini. Yaron da ya ɓarar da ƙwallo ya riga ya sha kunya. Kada mai labari ya ƙara masa da ba'a, domin uwarsa tana ji. Magana kuwa zarar bunu ce, balle yanzu da na'ura ke ajiye ta.

A watan Maris 2021, a jihar Oklahoma, 'yan matan makarantar Norman suka durƙusa ana taken ƙasa kafin wasan ƙwallon kwando. Mai ba da labari, yana tsammani makirufo a kashe yake, ya zage su da zagin wariyar launin fata, duk masu kallo suka ji. Ba yaro ba ne, babban mutum ne. 'Yan matan suka ci kofin jihar a makon nan, shi kuwa ya ci kunya. Makirufo bai sa masa wannan hali ba, tona shi kaɗai ya yi.

Saboda haka, 'yan'uwa, koya wa yaro sarrafa na'ura shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin malami da iyaye shi ne su koya masa ya faɗi abin da ya gani daidai, ya yaba wa abokin hamayya in ya isa yabo, ya kuma riƙe baki ɗaya, ko makirufo yana kunne ko yana kashe. Yaron da ya iya wannan ya yi wa makarantarsa hidimar da ta fi kofi.