Ina Iyakar Wajibin Dangi Ga Mai Taɓin Hankali?

Akwai tambaya wadda iyaye sukan kawo mana a ɓoye bayan an tashi sujada: "Pasto, ɗanmu ya sami taɓin hankali, jiya har ya zare wa ƙanwarsa adda. Idan mun kai shi asibiti, mun yashe shi ke nan? Idan kuwa ya yi wa wani rauni, alhakin yana wuyanmu?"

Da fari sai mu sani, yawancin masu wannan ciwo ba su cutar kowa. Su ne ma aka fi duka da jifa. Haɗari yakan ƙaru sa'ad da aka bar shan magani, ko ciwon ya haɗu da giya ko wiwi.

Hausawa sun ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne. Amma mai ciwon hannu ba ya ɓoye shi cikin riga, wurin likita yake kai shi. Mu kuwa kunya takan sa mu kulle ɗan'uwa a ɗaki, ko mu sa shi a turu. Ku duba Markus sura 5: sau da yawa aka ɗaure mutumin nan da sarƙa, amma sarƙa ba ta warkar da shi ba.

A shekarar 1954 Likita Thomas Lambo ya soma wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suna kwana a ƙauyukan kewaye, kowa tare da wani danginsa, da rana su je asibiti. Likita da nasa aiki, dangi da nasu. Yau akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano.

To, mene ne aikin dangi? Su lura da alamu, kamar rashin barci, da jin muryoyi, da zargin mutane. Su kai shi asibiti da wuri, su tsare shan maganinsa. Su kawar da wuƙa da adda. In ya hasala, kada a yi gardama da shi; a fitar da yara, a nemi taimako. Uwar da ta yi haka ba ta ci amanar ɗanta ba, gama ƙanwarsa ma 'yarta ce.

Iyakar ikonsu ke nan. Warkarwa ba a hannunsu take ba, ba su kuma san gobe ba. Idan sun yi waɗannan duka, masifa kuwa ta auku, kada mu ɗora musu laifi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari ekklesiya ta haɗa addu'a da kuɗin magani, dattawa kuma su riƙa karɓar uwar nan jinya domin ta sami barci.