Kai Ne Mai Hoton Gidanku

Da kai nake, mai tuƙa adaidaita sahu da ke fita tun kafin gari ya waye. Da ke nake, mai tuyar ƙosai a bakin layi, da tela, da mai shayi, da leburan gini, da malamar firamare da ke jiran ƙarshen wata. Duk wannan faɗi-tashin saboda yaran nan kuke yin sa. To, ku ciro wayoyinku ku duba. Akwai hoton kayan da aka turo wa kwastoma, akwai rasit, akwai katin gayyatar bikin mutanen da ba ku ma san su sosai ba. Hoton yaranku fa? In an samu, na ranar Sallah ne: an jera su jikin bango, an daka musu tsawa su tsaya, sun ƙame, fuska ba walwala. Shadda ta fito, takalmi ya fito, amma yaron da kuka sani, mai surutu da ƙiriniya, bai fito ba.

Na san amsar da ake bayarwa. "Ai wayata ƙarama ce, sai Allah Ya hore babba." Wannan magana ta cinye wa gidaje da yawa shekarun da ba za su dawo ba, domin yaro ba ya jiran ka tara kuɗin waya kafin ya daina rarrafe.

Ku ji labarin Seydou Keïta na Bamako. Kafinta ne ɗan kafinta. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya kawo masa 'yar kyamarar Kodak Brownie, irin wadda aka ƙera don talaka da yara. Da ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948, hasken rana ne fitilarsa, zanen gadonsa kuma shi ya rataya a bayan masu zuwa ɗaukar hoto. Yau manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka suna alfahari da aikinsa. A Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere da Brownie ya fara shi ma a 1950, daga baya ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata har ya tara hotuna kusan dubu. Kitso fa, abin da ake yi a kowane tsakar gida ana ganin ba komai ba ne. Malick Sidibé kuwa bin matasan Bamako ya riƙa yi wuraren rawa da bakin kogin Neja, yana ɗaukar su suna cikin nishaɗinsu ba tare da ya jera kowa ba, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya. Matasan sun saba da shi, ba sa ɗari-ɗari in ya ɗaga kyamara. Jarinsa ke nan.

Wannan jarin kai ka fi kowa shi a gidanka. A kawo ƙwararren mai hoto da kyamarar miliyoyi, yana yin sallama yara za su nutsu, uwargida ta shige ɗaki, kaka ta ja mayafi. Kai kuwa a gabanka ake faɗa kan ƙanzo, a cinyarka auta ke barci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma Tecno ko Itel ko Infinix da kake rainawa, kamfanin da ke ƙera su ya yi suna ne a Afirka wajen daidaita kyamara ta fito da baƙar fata da kyau. Lokacin da Keïta da Ojeikere suka fara, ba su da abin da ke nuna maka hoto nan take, ka goge, ka sake, ba ka biya ko sisi ba.

Abu na farko, goge idon kyamarar da gefen rigarka. Wayar da ta wuni a aljihu da gumi da maiƙo da ƙurar hunturu, dole hotonta ya yi dishi-dishi, sai a ɗora wa waya laifi.

Sai haske, kuma nan ne aikin yake. Ƙaramar waya ba ta da ƙarfi a duhu, amma in ta samu haske mai laushi tana ba da mamaki. Ranar tsaka ba ta da daɗin hoto: tana sa yaro ya runtse ido, goshi ya yi ƙyalli, idanu su faɗa cikin inuwa. Ka nemi sanyin safiya kafin hantsi ya dubi ludayi, ko la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ja ta kwanta a jikin katanga. In da rana tsaka ne, ka nemi inuwar darbejiya, ko bakin zaure, ko ƙofar ɗaki, inda haske ke shigowa ta gefe guda ya sauka a kumatu. Kada ka bar ƙofar ko tagar a bayan yaron, zai fito baƙi ƙirin. Kai ka ba ta baya ko gefe, shi ya fuskance ta. Ka taɓa fuskarsa a kan gilashin wayar kafin ka danna, wayar za ta gane cewa fuskar kake so, ba bango ba. Filasha kuma ka kashe ta. Tana tsorata jariri, tana kuma busar da fuska.

Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, a yawancin ƙananan wayoyi farfasa shi kawai hakan ke yi. Ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka durƙusa har idonka ya yi daidai da na yaron. Babba in ya ɗauka a tsaye, tsakar kai da ƙasa yake samu, in ya tsuguna sai ya shiga duniyarsu.

Sannan ka daina cewa "ku kalli nan". Ka zauna kawai, waya a hannu, har su manta da kai. Yarinya tana wanke allonta. 'Yan biyu sun sa kwanon tuwo a tsaka. Yaro ya tattara hankali yana ƙera motar kara, harshe a waje. 'Yan mata suna 'yar gala-gala, ɗaya ta ɗaga ƙafa. Kaka tana tsinkar zogale, jika ya rataya a wuyanta. Ka danna sau biyar, sau goma, ɗaya zai fito, ka goge sauran. In hannun yaro ya ɗan yi hazo saboda gudu, bar shi, gudun ne ya fito.

Kada ka ce sai an share gida, sai an yi fenti. Fati Abubakar ta Maiduguri, da ta ga duniya ba ta san komai game da Borno ba sai tashin bam, fita ta yi tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu sana'a yadda suke, ta sa wa aikin suna Bits of Borno, kuma ya zaga duniya. Katangar lakarku da kujerar tsakar gida da tulun da ke lungu, su ne jikokinka za su ƙura wa ido wata rana. Haka ma wurin sana'arka. Ranar da ɗanka ya kawo maka abinci gareji, ko 'yarki ta zauna kusa da keken ɗinki tana tsince ƙyallaye, a ɗauka. Babu abin kunya a hannun da ya yi baƙi da man inji, da shi aka biya kuɗin makaranta. Ka kuma riƙa miƙa wa uwargida ko babban ɗanka wayar su ɗauke ka. Gidaje nawa ne uba ya rasu aka rasa hotonsa sai na katin zaɓe?

Akwai amana a cikin wannan aiki. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi, ko yaro ne. Mace ba ta suturta ba, yaro yana wanka, wani yana kuka don an yi masa faɗa, a ajiye waya. Hoton gida kuma na gida ne, ba kowanne ake watsawa a Facebook ko TikTok ba, domin abin da ya hau intanet ya fita daga hannunka.

Waya kuma tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori yana lalacewa. Ka riƙa tura hotunan da ka fi so zuwa wayar wani ɗan'uwa. A WhatsApp ka aika su a matsayin fayil, don kada a rage musu kyau. Mai adireshin Gmail yana da ma'ajiya kyauta ta gigabait 15. Amma abin da ya fi duka shi ne wankewa. Duk bayan 'yan watanni ka zaɓi biyar ko goma ka kai wa mai wanke hoto, ka rubuta suna da shekara a bayansu, ka sa a album ko a ambulan cikin akwati.

Yau in ka tashi daga aiki, kafin a kira magariba, ka goge idon wayarka, ka sami wuri a tsakar gida ka zauna. Ka ɗauki na farko yau, kada ka bar shi sai Sallah.