Kai Kuka ko Neman Ƙuri'a: Ina Iyakar Masallaci?



Makon jiya bayan sallar Isha'i kwamitin masallaci ya zauna kan wata magana da ta raba mu gida biyu, muka ga ya dace jama'a su ji. Wani bawan Allah ne ya kawo saƙon wani mai neman kujera: zai sa mana sola, ya gyara wurin alwala. Buƙatarsa ɗaya ce, ranar Juma'a bayan an sallame a ba shi lasifika na minti biyar, Malam Liman kuma ya ce wa jama'a "ga namu nan". Ba mu karɓa ba, amma sai da aka sha muhawara.

Wani dattijo cikin iyayenmu ya ce: "'Ya'yana, ku tuna fa zuwa muka yi. Daga Kano da Katsina da Sakkwato fatauci ya kawo iyayenmu Lafia. Har yau yaronka in ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma sai an tambayi garin kakansa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. In muka kori wannan, wa zai tsaya mana gobe?" Wani matashi kuma ya ce shi a ganinsa ko wasiƙa kada masallaci ya sake rubuta wa hukuma, salla kawai ta kawo mu. Maganar Baba tana da nauyi, ta matashin ma haka. Sai dai mun ga gaskiya tana tsakaninsu.

Bari mu fara da doka. Sashe na 221 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko na yaƙin zaɓensa. A 2022, Dokar Zaɓe ta wancan lokacin, a sashe na 92, ta hana amfani da wuraren ibada wajen kamfe, ko tallata jam'iyya da ɗan takara, ko sukarsu. Sashe na 97 na waccan dokar kuma ya sa, a lokacin, tarar da za ta iya kai naira miliyan ɗaya, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, a kan mai yin kamfe da sunan addini ko ƙabila. Ga kuma Dokar Kamfanoni ta 2020: ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar CAC, irin tamu, ba ta da ikon kashe kuɗinta sai a kan manufofin da ta rubuta a tsarin mulkinta. Mu salla da karatu da taimakon mabukata muka rubuta. Ba mu kaɗai ke da irin wannan iyaka ba: a Amurka tun 1954 aka hana ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji mara wa ɗan takara baya, amma an bar musu damar tuntuɓar 'yan majalisa kan dokoki, muddin abin bai yi yawa ba.

To, amma Tsarin Mulkin nan dai shi ne ya ba mu 'yancin faɗin ra'ayi a sashe na 39, da na haɗuwa mu kare muradunmu a sashe na 40. Ke nan babu laifi mu rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan kwalbatin da ke ambaliya cikin gidajen mutane duk damina. Babu laifi mu je Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa in ta kira jin ra'ayin jama'a, ko mu kai kuka fadar Mai Martaba Sarkin Lafia kan filin maƙabarta. Doka ta bar mu mu yi magana kan matsala, ta hana mu tallata mutum.

Wani zai ce, ai dokar nan kowa karya ta yake yi, wa aka taɓa kamawa? Mu dai ba tsoron kamu ne ya hana mu ba. Kuɗin da ke cikin akwatin masallaci na mai shayi ne, da mai turin baro, da tsohuwar da ke aiko da naira ɗari ta hannun jikanta. Cikinsu akwai ɗan APC, akwai ɗan PDP, akwai wanda ko katin zaɓe ba shi da shi. Don Allah suka bayar, amana ce. Sahun salla ma haka, ba mu muka tara shi ba, kiran salla ne ya tara shi. In muka miƙa shi ga ɗan takara, mun sayar da abin da ba namu ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da mai solar nan ya hau kujera ya manta da kwalbatinmu, da wane baki za mu yi magana alhali fitilarsa ce ke haska mana sahu?

Game da tsoron Baba kuwa, mun ga yadda garin nan ya ɗauki zafi bayan zaɓen gwamna na 2023, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 19 ga Janairu, 2024. Baƙon da ya liƙa wa masallacinsa tambarin jam'iyya, ranar da jam'iyyar ta faɗi shi ma ya faɗi. Garkuwarmu ita ce zaman lafiya da maƙwabta, Musulmi da Kirista, da kuma a san ba a sayen mu.

Ba mu ce iyakar a fili take kullum ba. Ƙorafin kwalbati ana saura mako guda zaɓe, ai kowa zai fassara shi da suka ga wanda ke kan mulki. Shi ya sa muka ɗauki ma'auni guda: da a ce wanda muke so ne ke kan kujerar, za mu rubuta wannan wasiƙar da waɗannan kalmomin? In amsar eh ce, mu aika. In a'a ce, siyasa ce ta sa rawani.

Ga abin da muka tsayar. Duk wanda ya zo salla, ɗan siyasa ko waninsa, sahu nasa ne, lasifika ba tasa ba ce. Mai son ba da sadaka ya bayar ba da sharaɗi ba, a rubuta masa rasit. Kowace wasiƙa zuwa hukuma za a manna kwafinta a allon sanarwa. Kowa kuma yana da 'yancin bin jam'iyyar da ya ga dama, da sunansa, a wajen harabar masallaci.

Solar kuwa har yanzu muna buƙata. Akwati na nan a bakin ƙofa, ma'aji zai karanta abin da aka tara Juma'a mai zuwa in sha Allahu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da Lafia da Najeriya lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci