Ku Koma Ku Ɗauko Abin da Kuka Bari a Aji

Tun zangon karatu na 2007/2008 hukumar NUC ta wajabta wa kowane ɗalibin jami'a a Nijeriya darasin kafa sana'a, ko likitanci yake karantawa ko tarihi. Kwalejojin fasaha da ke ƙarƙashin NBTE su ma sun bi sahu. Ke nan duk wanda ya fito da kwali a shekarun nan ya zauna a ajin nan. Da yawa hadda kawai suka yi don jarrabawa, ana karɓar takarda suka watsar. 'Yan'uwa, ku koma ku ɗauko, dukiyarku ce.

Ku tuna abin da aka ce muku: uwar kuɗi daban, riba daban. Shaguna nawa ne suka mutu ba don rashin ciniki ba, sai don maigida yana zura hannu a aljihun shago, yau cefane, gobe suna, jibi gudunmawar biki? An koya muku rubuta cinikin kullum, da rubuta bashi ko na ɗan'uwa ne. An koya muku haɗa haya da kuɗin mota da man janareta kafin ku yanka farashi, da sanin wanda zai saya kafin ku yi sari. Wanda ya riƙe waɗannan ya riga ya tsere wa sa'o'insa.

Gaskiya ne, a makarantu da yawa ajin cunkoso ne, kuma wani malamin bai taɓa sayar da ko allura ba. To, sai me? Kasuwa ce za ta ƙarasa muku karatun. Ku ajiye girman kai ku shiga Kantin Kwari ko Dawanau, ku yi wa wani yaron shago, ku ga yadda ake taya kaya da yadda ake riƙe amana. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya taso, bai shiga ajin nan ba. Ku kuwa ga boko a hannu, ga kasuwa a ƙofar gida. Babu maraya sai rago.

Jari fa? Tun 2025 alawus ɗin bautar ƙasa naira 77,000 ne a wata. A ware wani abu a zuba adashe. A sansanin bautar ƙasa akwai shirin koyon sana'a na SAED tun 2012, kada ku kwanta lokacinsa. Rajistar kasuwanci a hukumar CAC ta intanet ake yi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. Gidauniyar Tony Elumelu na ba da dala 5,000, abin da take son gani shi ne tsarin kasuwanci, irin wanda kuka rubuta don neman maki.

'Yar'uwa mai ɗinki, ɗan'uwa mai kiwon kaji, ku sayi littafin lissafi a makon nan, ku rubuta cinikinku na farko a ciki. Allah Ya sa albarka a nema.